Wutar Gidan Tubala

Kwana huɗu ke nan wayar Nasiba tana kulle a durowar mahaifiyarta, makullin kuwa yana ƙulle a bakin zanen Hajiya Mariyama, ko wanka za ta shiga da shi take shiga. Ba rashin kira ne ya dami Nasiba ba, ba kuma hirar ƙawaye ba. Gawayi ne ya hana ta sukuni.

Tana zaune a bakin gado, kunun da aka kawo mata ya huce har ya yi fata, Hajiya ta ɗaga labule ta shigo.

"Har yanzu ba ki sha ba? Wai mi ad damuwarki, Nasiba?"

"Ba ni jin yunwa, Inna."

"Ki ji ko kada ki ji, yau bayan azahar kawunnan Ishaku na tahe. Babanki ya ce ba shi yi maki dole, kin ji da kunnenki. Amma in anka tambaye ki kinka yi shiru, kin san abin da shirun ɗiya mace ka nuhi."

Nasiba ta sunkuyar da kai. Ta sani sarai.

Shekarunta ashirin da huɗu, malama ce a makarantar firamare a nan Birnin Konni, yara hamsin ke tsit idan ta ɗaga murya. Amma a gaban mahaifinta, Alhaji Labbo mai manyan motocin dakon kaya, ba ta taɓa haɗa jimla biyu ba tare da muryarta ta karye ba.

Ishaku ma'aikacin duwan ne, wato kwastan. Ba shi da wani aibu, abin haushin ke nan. Da mashayi ne ko mai zafin hannu, da ta sami abin kamawa. To mutum ne mai fara'a da gaishe da manya, sai dai kawai zuciyarta ba ta wajensa.

Tana wajen Sadiƙu, ɗan garin Tajaye mai gyaran janareta a bayan tsohuwar tasha. A ƙuryar shagonsa ya jera allunan wasan gem, samari na zuwa suna bugawa. Wannan ƙuryar ce ta kashe shi a wurin Alhaji. Tun ranar da ya ji labarinta bai sake kiran sunansa ba, sai dai ya ce "mai wasan yaran nan".

Sati uku da suka wuce Alhaji ya kira su duka biyun zaure, ya sa suka rantse: ba kira, ba ɗaukar kira, ba rubutu, ba ɗan aike, har sai Nasiba ta yanke shawara da hankalinta. Sadiƙu ya rantse idonsa jajir. Da Alhaji ya ba su minti biyu su yi sallama a bakin ƙofa, abin da ya ce mata kaɗan ne.

"Za ni gida Tajaye, can babu rezo, waya ba ta kamawa. Ran kasuwar Badaguishiri ta uku zan hito can inda rezo ka kamawa in duba gidanmu, sau guda. In na iske hitila kunne, na san kina nan, in jira ko shekara nawa ta. In na iske duhu, ba sai kin wahal da bakinki ba. Motar arewa na tashi bayan la'asar, masu haƙar zinariya na neman mai gyaran inji."

Gidan da yake nufi ba na ƙasa ba ne ba na siminti ba. A cikin waya yake.

Wani wasa ne da komai nasa tubala ne masu kusurwa huɗu, ƙasa da dutse da itace har da ruwa. Mutum ya haƙa, ya tara, ya gina abin da ya ga dama. Sadiƙu ya ɗora masa wani ƙari da 'yan wasan ke kira mod, wanda ya kawo injuna da wutar lantarki cikin duniyar. Duniyar tasu kuma ba ta tsayawa don ka kashe waya, tana can tana tafiya ko babu kowa a ciki.

Shekara guda suka yi suna gina gidan, shi daga shago, ita daga ɗakinta. Bene ne mai hawa biyu a bakin tafki, da lambun rake da Nasiba ta dage sai an yi. A samansa suka kafa doguwar hasumiya mai fitila ɗaya. Wutarta daga wani ɗan janareta take zuwa, mai cin gawayi, yana zuƙa daga akwatin da ke gefensa. Idan aka cika akwatin fam, yakan kai kwana huɗu.

Fitila dai ba kira ba ce, ba rubutu ba ce, ba kuma ɗan aike ba. Ko hakan ya halatta, sai a tambayi malamai. Nasiba dai kullum da safe takan shiga ta haƙo gawayi ta cika akwatin, ta fita ba tare da ta rubuta ko harafi ɗaya ba.

A haka Hajiya ta kama ta, ta duƙufa a kan waya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta rantse mata ba saƙo take rubutawa ba, har ta nuna mata. Hajiya ta kalli allon ta kalle ta.

"Malama guda, kina ginar rami cikin waya? To kawo ta nan, har ranar da kinka ba babanki amsa."

Yau ce kasuwar Badaguishiri ta uku. Yau ce kuma rana ta huɗu.

"Tashi ki sa hijabi," in ji Hajiya. "Direba shi kai ki shagon Kyauta ta gwada maki ɗinkin da za ki sa. Kuma kada azahar ta iske ki waje."

Nasiba ta ga dama ta samu. Ta miƙe da sauri har Hajiya ta bi ta da kallon tuhuma.

Kyauta 'yar gwaggonta ce, taubashiyarta, telar mata a bakin kasuwa, bakinta ba ya hutawa kamar kekenta. Tana ganin Nasiba ta saki guɗa.

"Amaryar duwan! Daga yau kayana sun bar tsayawa iyaka."

"Kyauta, don girman Allah bar wasa. Wasan nan da Sadiƙu yas sa maki cikin waya, kin goge shi?"

"Wanga na ginar ramu? Shina nan, ni ban da lokacinai. Lahiya?"

Nasiba ta ja ta bayan labulen gwaji, ta zayyana mata komai, hawaye na zuba tana sharewa da gefen hijabi. Dariyar Kyauta ta ɗauke.

"Ke! Yanzu aurenki na rataye ga gawayin ƙarya, kinka yi shiru kwana huɗu? Mi yah hana ki aiko man?"

"Da wa zan aiko? Ko tsakar gida na hita idon Inna na kaina."

"Amshi. Yi sauri."

Ta shigar da sunanta da lambobin sirri. Sau biyu tana kuskure. Rezo ya yi ta jan ƙafa, ɗan da'irar nan na juyawa, Nasiba na karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Duniyar ta buɗe. Dare ne a cikin wasan, ko da yake a waje rana tsaka ce ke dukan kwanon shagon. Ta ɗaga kan 'yar mutum-mutuminta, wadda ke madadinta a cikin wasan, zuwa sama.

Fitilar na ci.

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta dafe ƙirji.

Ta ruga ɗakin inji ta buɗe akwatin. Gawayi uku suka rage. Uku rak. Tana kallo janaretan ya haɗiye ɗaya.

"Nawa guda ka ɗauka?" Kyauta ta leƙo ta kafaɗarta.

"Ba shi kai minti biyar."

"To je ki ɗebo mana!"

"Na kusa duk na ƙare shi. Sai na shiga ramin dutse can nesa, tahiya da dawowa rabin awa, kuma dare na, dodanni na hanya. In sunka kashe ni komi ya zube. Kyauta, ban san sa'ad da za shi duba ba. Ko yanzu ana iya ganin shi."

Ta shiga buɗe akwatunan gidan ɗaya bayan ɗaya. Dutse, ƙarfe, rake, ulu. Katako ma da zai iya riƙe wutar na ɗan lokaci, ta ƙone shi tun satin farko. Zufa ta jiƙa mata wuya.

A akwatin ƙarshe, can ƙarƙashin bene, ta ga babban janareta.

Sadiƙu ya kwashe wata biyu yana haɗa shi. Ba gawayi yake ci ba, mai yake sha, ga gwangwanayen man nan shida a jere kusa da shi. Gwangwani ɗaya kan kai mako. Ya ce sai ranar da aka sa musu rana za su kunna shi tare. Ya kuma faɗi wata magana game da shi, ta tabbata ya faɗa, a kan wani ɗan akwatin rage ƙarfin wuta da ake sawa tsakaninsa da gida. A lokacin hankalinta na kan muryarsa ne, ba kan darasin ba.

"Ga babba nan, mi kika jira?" in ji Kyauta.

"Akwai abin da aka sa mai tsakani. Taransifoma. Ban gan ta ba."

"Wace taransifoma kuma? Ni nan in kuran ya tahi wuta ta ɗauke, gurup ɗina, ɗan janareta, nika tadawa in jona kai tsaye, keke shi ci gaba da aiki. Gidanku ma ba haka direba ka yi ba? Wuta ai wuta ta."

Nasiba ta koma ta duba akwatin gawayi. Saura ɗaya.

Gaskiyar Kyauta, haka ake yi a gidansu, haka ake yi a kowane shago na Konni. Tun tana yarinya take ganin ana jan igiya inji ya tashi, a ɗaga makunni, fanka ta juya. Ba ta taɓa ganin wanda ya tsaya neman wani akwati ba.

Ta ɗauko babban janaretan ta kafa shi a gefen ƙaramin. Ta zuba masa gwangwani biyu. Ta ja igiyar wuta daga jikinsa, tubali ɗaya, biyu, uku, saura ɗaya ta haɗu da igiyar gida. Yatsanta ya tsaya a sama.

"Bismillahi," in ji Kyauta. "Danna."

Ta danna.

Fitilar hasumiya ta yi wani haske fari fat wanda Nasiba ba ta taɓa gani ba, har tafkin ya haskaka. Kyauta ta buɗe baki za ta yi guɗa.

Sai ƙara.

Injin niƙan dutse ne ya fara fashewa, na narka ƙarfe ya bi, sai batir, sai duk abin da igiyar ta taɓa, ɗaya na tayar da ɗaya. Allon ya yi ta girgiza. Tubala suka tarwatse sama. Ƙarar ta cika ɗan shagon har wata mai jiran ɗinki ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

Da hayaƙin ya lafa, babu bene, babu hasumiya, babu lambun rake. Wani ƙaton rami ne, ruwan tafki na gangarawa cikinsa. 'Yar mutum-mutumin Nasiba na tsaye a gefe, da ɗan ran da ya rage mata.

"Inna lillahi," Kyauta ta faɗa a hankali. "Nasiba, wallahi ban sani ba. Na ɗauka irin namu na."

Nasiba ba ta ji ta ba. Wani ɗan rubutu ne ya fito a kusurwar allon, irin wanda wasan ke yi da kansa, yana sanar da cewa Sadiƙu ya shigo.

Ga shi can a tsallaken ramin, da shuɗiyar rigar da ita ta zaɓa masa. Bai motsa ba. Kansa ya ɗaga zuwa inda hasumiyar take a da, ya sauko kan ramin, sannan ya juyo gare ta.

A nan ne ta gane abin da yake gani. Da duhu kawai ya tarar, ya iya cewa wani abu ne ya hana ta zuwa. To ga ta tsaye, ga gidan a rushe. Duk wanda ya ga haka zai ce da hannunta ta yi, kuma ta tsaya don ya gan ta.

"Rubuta mai!" Kyauta ta girgiza ta. "Ga wurin rubutu nan! Ce mai kuskure na!"

"Na rantse, Kyauta."

"Ki yi kaffara! Azumi ukku na, ni ma in taya ki!"

"Gaban Baba nir rantse, da sunan Allah. In na rubuta, shi ma na jawo shi ciki. Kuma ranar da Baba yaj ji, shi ke nan, ya samu abin da za shi ce."

Tana magana tana kuka, yatsunta na ta laluben abin kunnawa, ko ɗan itace, ko guntun gawayin da za ta yi tocila ta dasa a gabansa. Jakarta babu komai sai igiyar wuta. Ta sa 'yar mutum-mutumin ta yi tsalle, ta zagaya, ta nufo shi a guje ta bakin ramin.

Sadiƙu ya tsaya har ta kusa. Ya ciro diga, wadda suka haƙa harsashin gidan da ita, ya ajiye a ƙasa tsakaninsu. Rubutun kusurwa ya sake fitowa: ya fita.

Wayar ta zame daga hannun Nasiba ta faɗa kan tarin yadi.

"Ya tahi," ta ce. "Sau guda yac ce za shi duba. Kin san Sadiƙu, in ya ce sau guda, sau guda na."

"Ni in kira shi."

"Ke ɗan aike ta. Yana jin muryarki za shi kashe."

Kyauta ta zauna daɓas a kan kujerar keke, ita ma ta fashe da kuka. Daga masallacin kasuwa aka fara kiran sallar azahar, direba kuma ya danna oda a waje.

Nasiba ta shiga mota suka kama hanyar gida. Tana ta ganin hanyar arewa a ranta, da samarin unguwarsu biyu da suka bi ta bara, har yau ba a ji ɗuriyar ɗaya ba. Tsoro ya cika ta fal, irin wanda ba ta taɓa ji ba, har ya danne wanda take ji na mahaifinta.

Da suka isa gida, takalma shida ne a ƙofar falon Alhaji. Hajiya ta tare ta a tsakar gida.

"Ina ɗinkin? Mi yas samu idonki? Wuce ɗaki ki wanke huska, sai an kira ki."

Nasiba ta wuce ta, amma ba ɗaki ta nufa ba.

"Ke! Nasiba! Ina za ki?"

Ta yi sallama a ƙofar falon ta shiga. Dattawa uku na zaune a kan darduma, ƙwaryar goro a tsakiya an rufe da farin ƙyalle. Alhaji Labbo na kan kujerarsa. Hira ta yanke. Ba a taɓa yin haka a gidan ba, 'ya mace ta shigo wa baƙin aurenta tun ba a neme ta ba.

Ta durƙusa ta gaishe su.

"Wa yak kira ki?" in ji Alhaji.

"Ba kowa, Baba. Ka ce ba ka yi man dole. Ka ce in yi shawara in ba ka amsa. Na zo in ba ka da bakina, don kada a ɗauki shiruna." Ta juya wajen dattawan, hawaye na sauka. "Ku gahwarce ni, iyayena. Ishaku bai yi man komi ba sai alheri. Amma ba shi nika so ba. Sadiƙu nika so."

Babban cikinsu ya yi gyaran murya ya kalli goron. Fuskar Alhaji ta ɗaure tamau.

"Kin gama?"

"Saura guda, Baba. Ka warware man rantsuwa in kira shi. Ya ɗauka na ƙi shi, kuma bayan la'asar shina shiga motar arewa daga Badaguishiri. In ya tahi saboda kuskurena wani abu yas same shi, ban san yadda zan yi da raina ba."

Alhaji ya daɗe yana kallonta, kamar yau ya fara ganinta.

"Mariyama," ya ce ba tare da ya ɗaga murya ba, don ya san tana bayan labule. "Kawo mata wayarta." Ya dubi Nasiba. "Na warware maki. Kira shi nan gabana, mu ji abin da mai wasan yaran za shi ce."

Hajiya ta kwance makullin ta kawo. Nasiba ta kunna, ta nemo lambar, ta sa a amsa-kuwwa kamar yadda Alhaji ya nuna da hannu.

Ta shiga. Tana ta ƙara, tana ta ƙara, har ta katse.

Ta sake. Ta yi ƙara har ƙarshe.

"Kin gani?" Hajiya ta faɗa daga bakin ƙofa. "Wanda kinka kunyata mu dominai, ko ɗauka bai yi ba."

Nasiba ta kira na uku. Kowa a falon na jin ƙarar, ba wanda ya motsa. Da ta katse, ta ajiye wayar a kan darduma, ta ɗago jajayen idanunta.

"Shina gani, Baba. Wayar na hannunai, na sani. Ba shi ɗauka ko sau ɗari nik kira. Ni ka warware ma, shi ba ka warware mai ba. Ya rantse maka ba shi ɗaukar kirana, kuma ko da ya zaci na rushe mai komi, bai karya ba."

Babban kawun Ishaku ya ɗago kai ya dubi Alhaji.

"Alhaji," ya ce a hankali, "yaron da ka riƙe magana haka, ba a barin shi shi bi hanyar arewa."

Alhaji ya gyara zama. Ya dubi agogon bango, uku ta gota. Ya dubi ƙwaryar goron da ba a buɗe ba, ya dubi 'yarsa durƙushe a gabansa.

Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya ciro wayarsa, ya gyara zaman tabarau.

"Hwaɗa man lambar," ya ce.